Ra'ayi: Ka sayi shok mai kyau, amma kada ka ɗaga tsohuwar jif fiye da santimita 5

Idan ka tsaya ka kalli bidiyon jif guda ɗaya a TikTok har ƙarshensa, to ka jawo wa kanka, domin sai manhajar ta kwana uku tana turo maka irinsa. Ga Land Cruiser a dajin Ostareliya an ɗaga ta kamar raƙumi, ga Nissan Patrol tana hawa tudun yashi a Dubai, ga Jeep Wrangler tana rarrafe a kan duwatsun Moab da ke Amurka. Daga nan sai matashin da ya gaji tsohuwar Prado ta mahaifinsa, ko wanda ya tara kuɗi ya sayi Pajero 'yar Kwatano, ya fara tambayar farashin kayan ɗagi a WhatsApp.

Ra'ayina a kan wannan lamari a fili yake. Canza wa tsohuwar jif shok yana cikin mafi amfanin abin da mai ita zai kashe wa kuɗi. Ɗaga ta kaɗan, santimita 5 ko ƙasa da haka, da sifirin da aka ƙera domin wannan motar, abu ne da hankali zai ɗauka idan akwai dalili. Abin da ya wuce haka a kan motar da ta haura shekara 20, wadda kuma mafi yawan tafiyarta a kan kwalta take yi da iyali a ciki, sayen hatsari ne da kuɗinka.

Shok ba ya ɗaga mota

Nan ne rikicin yake farawa, domin da yawa daga cikin masu tambaya suna ɗauka shok ne ke riƙe da nauyin mota. Sifirin ne ke wannan aikin, kuma shi ne ke yanke tsayin da mota za ta zauna a kai. Aikin shok shi ne hana sifirin ci gaba da lilo bayan taya ta faɗa rami ko ta hau tudu. A cikinsa akwai fistin da ke tura mai ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, kuma wannan matsi ne ke shanye ƙarfin girgizar ya mayar da shi zafi.

Zafin nan shi ne abokin gaban shok a irin hanyoyinmu. A kan hanyar burji mai gargada, fistin yana sama da ƙasa ba hutu, mai ya yi zafi, ya yi kumfa, sai shok ya daina riƙewa. Direba zai ji bayan mota na rawa, taya tana tsalle maimakon ta manne da ƙasa, tayar da ke tsalle kuwa ba ta kama birki yadda ya kamata. Shi ya sa ake ɗura wa shok na zamani iskar naitirojin, don ta danne man kada ya yi kumfa.

Iri biyu aka fi samu. Akwai mai bututu ɗaya, irin wanda kamfanin Bilstein na Jamus ya yi suna da shi, wanda ke saurin fitar da zafi, sai dai idan dutse ya lotsa jikinsa fistin ba zai ƙara tafiya daidai ba. Akwai mai bututu biyu, wanda bututun waje ke kare na ciki daga dutse, ya fi araha, amma ya fi riƙe zafi. Kamfanoni irin su KYB na Japan, da Monroe, da Old Man Emu na kamfanin ARB da ke Ostareliya, duk suna ƙera shok na waɗannan tsofaffin motoci. Ko wanne ka saka, tsayin motarka zai tsaya inda sifirin ya ajiye shi, in ban da 'yan milimitoci da matsin iska kan ƙara.

Me ɗagi ke ba ka?

Ɗauki Land Cruiser 80, wadda Toyota ta ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997, mai aksil guda a gaba da guda a baya da sifirin mai naɗi. Idan ka saka mata dogon sifirin, shasi da bodi ne ke tashi. Aksil yana nan inda yake, domin tayoyi ne ke ɗauke da shi. Tukunyar nan da ke tsakiyar aksil, wadda ita ce ke fara dukan dutse ko tsakiyar hanyar da manyan motoci suka kwarzabe, ba ta ƙaru da ko milimita ɗaya ba. Haka lamarin yake a Nissan Patrol Y60 da Y61.

Abin da ke ɗaga wannan tukunya shi ne babbar taya, kuma lissafinta ba ya burgewa kamar yadda ido ke gani. Taya mai lamba 265/75R16 tsayinta kusan milimita 804 ne, mai lamba 285/75R16 kuma kusan milimita 834. Bambancin milimita 30 ne, rabinsa kaɗai ke ƙasan aksil, wato ka samu santimita ɗaya da rabi. A madadin haka tayar ta fi nauyi, mota za ta ƙara shan mai, birki zai ƙara wahala, sannan agogon gudu zai fara yi maka ƙarya: idan ya nuna kilomita 100 a awa, gudunka na gaskiya ya kusa 104.

Ba a ce ɗagi ba shi da amfani ba. Yana nisanta bamban gaba da na baya da cikin mota daga ƙasa idan za a sauka kwari ko a haye gefen rafi, yana kuma ba babbar taya wurin juyawa. Tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa kansa ita ce, sau nawa a shekara bambansa ke taɓa ƙasa, sau nawa kuma yake gudun 100 a hanyar Kano zuwa Zariya?

Lissafin kifewa

Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, tana da wani lissafi mai sauƙi da take auna yiwuwar kifewar mota da shi. Ana ɗaukar faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa. Duk lokacin da amsar ta yi ƙasa, motar ta fi saurin kifewa. Ƙananan motoci na zama a sama a wannan ma'auni, jif-jif kuwa tun daga kamfani a ƙasa suke, saboda dogaye ne.

Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙi. A ce faɗin tsakanin tayoyi mita 1.6 ne, cibiyar nauyi kuma tana santimita 75 daga ƙasa. Amsa ita ce 1.07. Idan ɗagi da manyan tayoyi suka tura cibiyar nauyin sama da santimita 10, amsa ta koma 0.94. Faɗin motar bai ƙaru ba, tsayinta kawai aka ƙara. Sai kuma a ɗora ragar kaya a samanta, a jera jarkokin mai da taya ta safiya kamar yadda ake gani a bidiyo, nauyin ya sake hawa sama.

Motocin zamani suna da kwamfutar da ke kama birkin taya ɗaya-ɗaya idan ta ji mota na neman juyewa. Land Cruiser 80 ba ta da wannan, haka Patrol Y60 da Pajero ta farkon shekarun 1990. Abin da ke tsakaninka da kifewa shi ne hannunka da tayoyinka da shok ɗinka. Hanyoyinmu kuwa ba su rasa abin da zai sa direba ya fizgi sitiyari ba shiri: rami a bayan kwana, akuya, ɗan acaɓa da ya shigo ba sigina, tirelar da ta lalace da dare ba alama sai ganyen da aka zuba a titi. A irin wannan daƙiƙa ce tsayin da ka ƙara zai nemi a biya shi, kuma waɗanda ke kujerar baya ba su suka zaɓi a ɗaga motar ba.

Abubuwan da ke gocewa a ƙarƙashin mota

Injiniyoyin da suka zana motar sun daidaita kowace sanda da kowane bawul a kan wani tsayi. Da zarar tsayin ya canza, abubuwa da dama suna gocewa lokaci guda, kuma mai sayar da kayan ɗagi a Instagram ba lallai ya faɗa maka ba.

Na farko shi ne abin da kanikawa ke kira kasta, wato ɗan kishingiɗar da ginshiƙin juya tayar gaba ke yi zuwa baya. Ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana, kamar yadda ƙahon keke yake a kishingiɗe. A Land Cruiser 80 da Patrol, dogon sifirin yana murɗa aksil ɗin gaba ya rage wannan kishingiɗa, sai mota ta riƙa yawo a titi, direba na ta gyara sitiyari hagu da dama. Maganinsa bushin na musamman ne da ke maido da kwanar, kuma kuɗinsa daban.

Na biyu, akwai wata sanda da ke kwance a gicciye tana riƙe aksil a tsakiyar mota, ana kiranta fanhad. Idan bodi ya tashi, sandar tana janye aksil zuwa gefe ɗaya. A ƙaramin ɗagi gociyar kaɗan ce, a babba kuwa sai an sayi sanda mai ƙari da ragi.

Na uku ya fi su hatsari, kuma shi aka fi mantawa. Tsofaffin Toyota da yawa suna da wani bawul a baya da ke auna tazarar bodi da aksil. Idan an yi lodi mota ta zauna, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan babu kaya ta tashi, sai ya rage. Motar da aka ɗaga ba a gyara sandar wannan bawul ba, kullum bawul ɗin yana ɗauka babu kowa a ciki, ko da mutum bakwai ne da buhunan masara. Birkin gaba ne zai riƙa yin aikin kusan shi kaɗai.

Sai tiyon birki, wanda tsawonsa na tsohon tsayi ne, kuma dogon shok na iya miƙe shi har ya tsage ranar da taya ta rataya a rami. Sai farfela, da kwanarta ke ƙaruwa ta fara kawo girgiza. Sai fitilun gaba da ke koma haska idon mai tahowa maimakon titi.

Motocin da tayoyin gabansu ke aiki kowacce da kanta suna da tasu matsalar. Prado 90 da Prado 120, da Land Cruiser 100, da Pajero, duk a nan suke. Ɗagi yana ƙara wa shaf ɗin gaba kwana, robar da ke rufe kansa ta yi saurin yagewa, giris ya fita, yashi ya shiga. A Land Cruiser 100 da tsohuwar Pajero, inda sandar ƙarfe mai murɗawa ce ke aikin sifirin a gaba, akwai jarabar a ɗaure kusoshi kawai mota ta tashi ba tare da an sayi komai ba. Tsayin da aka samu ta haka an ciro shi ne daga tazarar da taya ke da ita ta sauka cikin rami, sai mota ta koma tana dukan ƙarfe a kowane gargada.

Hujjar masu ɗagi

Masu son ɗagi suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sifirin da ya shekara 25 yana ɗaukar kaya ya gaji, ya zauna, kuma motar ta riga ta yi ƙasa da tsayinta na asali. Wanda ke shiga ƙauye da damina, ko mai aikin gona ko aikin lafiya a karkara da ke ɗaukar janareto da ruwa da mutane, yana buƙatar sifirin da ya fi na asali ƙarfi. Wanda ya saka bamban ƙarfe da injin jan mota a gaba ya ƙara nauyin da tsohon sifirin ba zai iya da shi ba. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai idan ka duba, abin da waɗannan mutane ke nema shi ne ɗaukar nauyi da maido da tsayin da ya ɓace, kuma santimita 5 ta ishe su. Wannan adadi ba daga kaina na ƙago shi ba. A Ostareliya, milimita 50 ne ɗagin da ƙa'idojin gyaran mota suka saba bari ba tare da takardar injiniya ba. Abin da ya wuce iyakar da jiha ta sa sai an kai motar an duba ta. Shi ya sa kayan ɗagin da kamfanoninsu suka fi sayarwa suke a wannan tsayi. Motocin da ake ɗagawa sosai don hawa dutse kuwa, da yawansu a kan tirela ake kai su wurin wasan, a dawo da su a kan tirela.

Direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku da Hilux da Land Cruiser sun fi kowa sanin hanyar da ba kwalta. Babbar dabararsu a cikin yashi ita ce rage iskar taya don ta baje ta daina nutsewa, a mayar da iskar idan an fito ƙasa mai tauri. Wannan dabara na buƙatar ma'aunin iska da famfo ne kawai.

Ɗagin araha da shok na jabu

Akwai hanyoyin ɗagi da ya kamata a guje musu gaba ɗaya. Cusa katako ko guntun taya a tsakanin naɗin sifirin, gasa sifirin da wuta don a miƙe shi, da yi wa kujerar sifirin ƙari da walda a bakin titi, duk suna lalata ƙarfen ko su hana shi aikinsa. Zoben da ake sakawa a saman sifirin, wanda ake kira sifesa, yana da amfani idan siriri ne don daidaita gefen da ya zauna, amma mai kauri a kan gajiyayyen sifirin yana ba da tsayi ne kawai, gajiyar tana nan.

Dole kuma tsawon shok ya dace da sifirin. Gajeren shok a kan dogon sifirin zai riƙa miƙewa har ƙarshe yana fizgar mazauninsa. Shok da ya yi tsawo da yawa zai daki ƙasansa kafin robar tsayawa ta taɓa aksil, ko ya bar sifirin ya fice daga kujerarsa. Saboda haka a sayi shok da sifirin a matsayin saiti ɗaya na wannan motar da wannan nauyin.

A manyan kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, za ka samu sabo, za ka samu na Beljiyam. Shok na hannu caca ce, domin ba a gane gajiyarsa da ido, kuma tura shi da hannu a shago ba ya kwaikwayon saurin da yake aiki a kan titi. Sabon ma sai an lura, saboda fenti da sitika ba su da wuyar kwaikwayo, kuma duk sunan da ya yi fice a duniya ana samun masu yi masa jabu.

Inda wayarka za ta yi aiki

Wayar da ta nuna maka bidiyon za ta iya taimaka maka ka yi aikin daidai. Kafin ka biya, ɗauki hoton lambar da aka buga a jikin ƙarfen shok ɗin, ka shiga shafin intanet na kamfanin ka duba ko lambar ta motarka ce da shekararta. Idan lambar kwali da ta jikin ƙarfe sun saba, ko kamfanin bai san lambar ba, mayar da kuɗinka aljihu.

Kafin a kwance komai, ajiye motar a wuri mai laushi da daidaito, ka auna da tef daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodin da ke samanta, a kusurwa huɗu, ka rubuta a waya. Sake aunawa bayan aiki, sannan bayan mako biyu idan sifirin ya zauna. Da wannan ne za ka san ainihin ɗagin da ka samu, ko da me aka rubuta a kwali.

Ka sa wani ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya daga gefe yayin da kake tsallake tudun rage gudu a hankali. Mota mai lafiyayyen shok za ta sauka, ta ɗan taso, ta tsaya. Idan ta yi lilo sau biyu ko uku, shok ya gama aiki. Bayan canza taya kuma, ka sa wanda ke gefenka ya buɗe manhajar GPS mai nuna gudu ya gwada da agogon mota, don ka san yawan ƙaryar da yake yi.

Yadda zan jera kashe kuɗin

Da ni ne mai tsohuwar jif da kuɗi ƙayyadadde, zan fara da bushin da kawunan sandunan sitiyari da tiyon birki, domin sabon shok a kan ruɓaɓɓiyar roba asara ce. Sai tayoyi masu kyau a girman asali ko mataki ɗaya sama. Sai shok huɗu na gaske, ko aƙalla biyu-biyu, gaba tare, baya tare, ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya. Sai sifirin, idan awo ya nuna tsohon ya zauna ko kayan da ake ɗauka sun ƙaru. A gaya wa mai sayarwa gaskiyar nauyin da motar ke ɗauka kullum, domin sifirin lodi a motar da ke yawo ba kaya yana sa ta tauri kamar amalanke.

A wurin bakanike, ka tsaya a kan abu huɗu: a sauke mota ƙasa a kan tayoyinta kafin a ɗaure kusoshin bushin na ƙarshe, a gyara sandar bawul ɗin birkin baya, a kai ta a yi alaimen a na'ura a ba ka takardar sakamako, a saita fitilun gaba. Idan bakaniken ya ce bai san da wani bawul a baya ba, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Motar da aka yi wa wannan aiki ba lallai ta tara masu kallo a TikTok ba, domin tsayinta bai bambanta da na asali sosai ba. Za ka ji bambancin ne a hannunka, ranar da ka taka birki da ƙarfi a kan gargada motar ta tsaya a miƙe. Idan kana da tsohuwar Prado ko Land Cruiser ko Pajero, fara da tef ɗin awo a ƙarshen makon nan, ka ga ko ɗagi take buƙata ko kuwa sifirinta ne kawai ya gaji.